Wanke Allo, Sake Rubutu

Wajen shekara ta 1807, yaƙin jihadi bai ƙare ba, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ma ba ta faɗi ba tukuna, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar yayansa Shehu Usmanu ya kama hanyar gabas. Abin da ya kore shi ba ɓoyayye ba ne, don shi da kansa ya rubuta shi daga baya a Tazyinul Waraƙat: mutanen kirkin da aka faro tafiyar da su da yawa sun kwanta dama a fagen fama, waɗanda suka rage kuwa idonsu ya koma kan dawaki da ƙwaraƙwarai da manyan riguna. Niyyarsa Makka, amma mutanen Kano suka riƙe shi, suka nemi ya koya musu yadda ake mulki da hukunci. A wannan zaman baƙunci, da ɓacin rai a cikinsa, ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta Liya'ul Hukkam, littafin da sarakuna da alƙalai suka daɗe suna dubawa. Daga nan ya fasa tafiyar ya juya gida. Masu ba da tarihi sukan tsaya a kan fushin da komawar, su wuce ta kan littafin a gurguje. Ni kuwa littafin ne ya fi ɗaukar mini hankali, domin mutumin da duniya ta yi wa zafi, abin da hannunsa ya saba da shi yake rarumowa, Abdullahi kuma alƙalami ya rarumo. Shehu ya bar littattafai fiye da ɗari, ƙanensa da ɗansa Muhammadu Bello kowa ya bar nasa tulin, kuma da yawa daga cikinsu an yi su ne tsakanin hijira da yaƙi da yunwa, a kan takardar da sai ta ƙetare Sahara take isowa. Irin wannan yawan ba ya samuwa sai ga mutanen da rubutu ya zame musu aikin kullum, kamar alwala. Abin da nake son in kafa shi ne cewa wannan aikin na kullum, wanda ya girme su da ɗaruruwan shekaru, shi ne maƙerar da aka wasa tunaninsu.

Tushen abin yana makarantar allo, inda har yau ana iya ganinsa da ido. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, yana kiran haruffa da sunayen da Hausawa suka raɗa musu, su ba guje da lam ara da mim jaye. Da fari malam ke rubuta masa, amma da hannunsa ya faɗa sai a bar shi ya ɗauko nasa karatun da kansa. Ya fiƙe alƙalamin gamba da wuƙa, ya tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada, ya tsoma a kurtun da aka dama gawayi da ƙaro, ya ɗora allon a cinya ya rubuta. Malam ya duba, ya gyara wasalin da ya karkace. Yaro ya biya har ya zauna masa, sannan a ce ya wanke. Ya jingine allon a rana ya bushe, gobe ya sake cika shi. Abin lura a nan shi ne allo ba ya ajiya. Duk abin da aka rubuta a kansa wankewa za a yi, saboda haka amfanin rubutun yana cikin yin sa ne, yana cikin abin da ya bari a ƙirjin mai yi. Gardin da ya yi shekara goma a tsangaya ya cika allo ya wanke sau dubbai. A ƙarshen wannan hanya ne ake samun alaramma, wanda bayan hadda sai ya zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ba ya duban wani. Alarammomi ma suna da harji, wato alamomin da suke sakawa a gefen shafi don nuna sau nawa wata kalma ta zo da wata siga. Mutumin da ke ƙirga kalmomi haka, yana bambance wadda ta zo da wawu da wadda ta zo babu, ya riga ya koyi kallon nassi da idon basira tun kafin ya buɗe littafin fiƙihu.

In ya shiga makarantar ilimi, a zauren wani malami, sai aikin ya canja kama. Zai fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, ya hau Iziyya da Risala, in Allah ya ja kwana ya kai Muhtasar, ga kuma Ajrumiyya da Alfiyya ta ɓangaren nahawu. Kafin zuwan ɗab'i, ba kasuwar da zai je ya tarar da waɗannan a jibge. Ko ya saya da tsada a hannun mai kwafi, ko ya ari na malam ya kwafe abinsa, kuma na biyun shi ne hanyar yawancin ɗalibai. Takarda kuwa ba ta banza ba ce. Wadda ta fi yawa ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, da ake yi a arewacin Italiya, fatake su biyo da ita ta Tarabulus ko Masar. Bature matafiyi Barth ya gan ta a kasuwar Kano a 1851. Tawadar takarda ma daban take da ta allo, akan dafa ta da bagaruwa don ta kama ta daɗe, a tanadi ja domin wasali da kawunan babi. Ba a ɗinke littafin. Warƙoƙi ne sake, a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata don kada su rikice, a haɗa su cikin tadarishi, a zura a gafaka. Wannan ya sa malami zai iya raba littafi guda ga ɗalibai uku su yi ta kwafa a lokaci ɗaya. Mai kwafi kuma yakan bar fili da gangan, tsakanin layi da layi da kuma gefen shafi, saboda ya san aikin bai ƙare ba. Idan malam yana fassara, kalmar da ta yi tsauri sai ɗalibi ya sa ma'anarta a ƙarƙashinta da ƙananan baƙaƙe, da Larabci mai sauƙi, ko da Hausa ko Fulatanci cikin ajami. Wata rana ya ji wani malamin ya faɗi saɓanin haka, ya ƙara a gefe, rubutun ya kwanta a karkace don wuri ya ƙare. A Barno an samu Alƙur'anai na ƙarni na 17 da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layukansu, shaidar cewa al'adar ta daɗe a wannan yanki. Duk tsohon littafin da ya fito daga gafakar malami, gefensa ya fi tsakiyarsa ba da labarin mai shi.

A nan ne mai suka zai ɗaga yatsa, kuma sukarsa tsohuwa ce, wasu Turawan da suka fara nazarin waɗannan littattafai sun yi ta, wasu 'yan bokonmu suka gada. Zai ce ai wannan duk kwafi ne. Buɗe Ihya'us Sunna na Shehu, wanda ya gama a 1793, za ka ga shafi bayan shafi maganar Ibnul Hajj ce da ta Ahmad Zarruƙ da makamantansu. Ina tunanin yake? Gaskiya ne ciro maganar magabata ya cika littattafan, kuma marubutan ba su taɓa ɓoye hakan ba, alfahari ma suke yi da shi. Sai dai mai sukar bai lura da wasu ƙananan kalmomi biyu ba. In an gama kawo maganar wani, akan rufe da intaha, wato nan ta tsaya. Sannan sau da yawa sai ka ga ƙultu, wato ni kuma na ce. Tsakanin waɗannan biyun ne malamin yake fitowa fili, ya rinjayar da wani ƙauli, ya ce wannan hukuncin bai hau kan mutanen ƙasarmu ba, ko ya hau. Kafin ma a kai ga ƙultu, zaɓen kansa aiki ne. Tsarin Ihya'us Sunna shi ne a kowane babi a kawo yadda sunna take, sannan a jero bidi'o'in da mutane suka ƙirƙiro a wannan babin, kuma ba za ka iya wannan ba sai ka san littattafan ka kuma san abin da ake yi a gidan suna da gidan mutuwa a Gobir da Zamfara. Bayanu Wujubil Hijra na 1806 ma haka yake: maganganun malaman da suka rayu a Masar da Magrib ne aka jera su har suka amsa tambayar da ba su taɓa jin ta ba, wato me ya wajaba a kan Musulmin da ke ƙarƙashin Sarkin Gobir. Da ma hanyar ta saba, don tun zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Al-Magili ya rubuta wa Kano nasihar mulki a kan wannan salon.

Akwai kuma wasu ayyukan alƙalami guda biyu da suka fi kwafi wuya nesa ba kusa ba, taƙaitawa da mayar da zube waƙa. Abdullahi gwani ne a dukansu. Ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, ya gama wajen 1816, cike da saɓanin ƙira'o'i da na mazhabobi da zurfin nahawu. Bayan 'yan shekaru ya ga ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai, sai ya sake zama ya tace shi ya fitar da Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malik, waɗanda su mutanen ƙasar suka sani. Duk wanda ya taɓa gwada mayar da shafi goma shafi ɗaya ya san ba a yin sa sai an gane wace magana ce ginshiƙi, wace ce ado. Nazmi ya ma fi tsanani. A Hisnur Rasin ya zuba ilimin sarfu cikin baitoci wajen dubu, a Bahrul Muhiɗ ya yi wa nahawu haka. Karin waƙa ba ya ba da bashi: in ƙa'ida ba ta zauna maka daram ba, ba za ta shiga baiti ba, in ka tura ta da ƙarfi kuma ɗalibin farko da ya haddace zai gano gurguwar ƙafar. Ana cewa an yi waɗannan ne don sauƙaƙa wa ɗalibai hadda, haka ne, amma wanda ya fara cin ribar aikin shi ne mai yin sa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce yadda rubutu ya sa suka saɓa wa juna, har suka saɓa wa kawunansu. Shehu yana girmama malaminsa Jibrilu ɗan Umaru matuƙa, amma da ya zo kan ra'ayin Malam Jibrilu na kafirta mai aikata manyan zunubai, ya ɗauki alƙalami ya warware maganar cikin ladabi, ya nuna ba nan Ahlus Sunna suka tsaya ba. Ya kuma yi ta rubutu a kan wasu ɗaliban tauhidi da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo dalilan ilmul kalam ba. Bayan an ci yaƙi, mulki ya zo hannu, sai ga Shehun da ya yi tsanani a garinsu Degel kafin yaƙi yana sassautawa a wasu mas'aloli, irin su kaɗe-kaɗe da tufafin ado ga shugabanni da sunayen sarauta, yana cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a. Abdullahi bai yarda ba, ya mayar da martani a Liya'us Sulɗan. Wa da ƙane ne, suna iya gama maganar a zaure bayan sallar isha'i ba wanda ya ji, amma suka sa ta a takarda, inda dole kowa ya kawo nassinsa, ya faɗi inda ya samo shi, ya bar shi a gaban ɗaliban da za su auna. A Najmul Ihwan Shehu ya shawarci mutane su riƙa karanta littattafan malaman zamaninsu, ya ambaci na Abdullahi da na Bello da nasa, ya faɗi inda kowannensu ya fi ƙarfi. Mai ganin rubutu kwafi ne kawai ba zai ba da wannan shawara ba, sai ya ce a koma wa na Masar tunda su ne asali.

Wasiƙun Bello da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno su ne ƙololuwar wannan. Elkanemi ya rubuto yana tambayar dalilin da ya sa ake yaƙar Barno, ƙasar da ta daɗe da Musulunci. Ya ce yanka a wuraren tsafi da fitar mata ba lulluɓi da cin hanci saɓo ne, saɓo kuwa ba kafirci ba ne, kuma ana yin irinsu a Masar ba wanda ya ce a yaƙe ta. Tambaya ce mai cizo, kuma da takobi kaɗai ake magana da ba a kula ta ba. Bello ya zauna ya amsa, aka sake rubutowa, ya sake amsawa, har ya zama dole mutanen Sakkwato su tace hujjarsu, su matsa daga maganar al'adun mutane zuwa maganar taimakon da sarakunan Barno suka ba sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Ko an gamsu da amsar ko ba a gamsu ba, kuma har yau akwai masanan da ke ganin Elkanemi ne ya fi riƙe gaskiya a wasu wurare, abin da ya fi ban sha'awa shi ne Bello ya kwafe wasiƙun abokin gardamarsa cikin Infaƙul Maisur na 1812. Da ya bar su a waje, da ƙila yau ba mu san da su ba. Kuma wannan hannun bai tsaya a siyasa ba: Bello ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir, kuma da Bature matafiyi Clapperton ya kawo masa littafin Iƙlidis na lissafi da Larabci a zuwansa Sakkwato na biyu, Bello ya gaya masa da ma gidansu suna da kwafinsa, gobara ce ta cinye.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma daga cikin gida take fitowa. Za a ce ilimi a ƙirji yake, malaman nan da kansu sun fi daraja hadda da karɓa daga bakin malami a kan littafi, kuma ƙasar Hausa ta ga masu kaifin tunani da ba su riƙe alƙalami ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma ya tsara Imfiraji. Narambaɗa da ka ya yi waƙoƙinsa, kuma ba mai cewa azancinsa ya gaza na wani marubuci. Wannan duk gaskiya ne, ban kuma ce rubutu ne kaɗai ƙofa ba. Mawaƙin da ke maimaita waƙa da 'yan amshinsa, yana sauya kalma yau ya sauya gobe, shi ma allonsa yake wankewa. Amma akwai nau'in tunanin da baki ba ya iya riƙewa: ka ajiye ƙauli huɗu gefe da gefe ka auna su, ka koma kan abin da ka faɗa shekara goma da suka wuce ka same shi yadda ka bar shi, ba yadda kake so ka tuna shi ba. Magana in ta fita takan gyaru a bakin mai ita ba tare da ya sani ba, takarda kuwa ba ta yi wa mai ita kara. A tsarin malaman nan ma hadda da rubutu ba kishiyoyi ba ne, tunda ta allo haddar take shiga. Da Abdullahi ya waiwayi rayuwarsa, a Ida'un Nusuhi ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, a Tazyinul Waraƙat kuma ya tattara waƙoƙinsa yana bayyana halin da ya sa ya yi kowacce. Mutum ne yake bin sawun tunaninsa, kuma da bai bar sawun a takarda ba da ba abin da zai bi.

Za a iya ƙarawa da cewa wannan al'ada ta 'yan tsiraru ce, gidajen malamai da 'ya'yansu. Haka ne, manomi da maƙeri ba su da lokacin cika gefen Muhtasar. Sai dai aikin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ya nuna yadda abin ke gangarowa. Ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta Hausa, ƙanenta Isa kuma ya mayar da wasu nata. Fassara ma wani wankin allo ne, domin ma'anar da ta ɓuya a bayan kalmar Larabci dole ta fito fili in za a faɗe ta da harshen da matar ƙauye za ta gane. Matan da ta naɗa jaji, da malfunansu, su ke ɗaukar waƙoƙin su kai wa 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, a garuruwa, inda mata ke haddacewa suna kaɗi ko daka. Alƙalami ɗaya ne, amma bakin da ke biya abin da ya rubuta ba ya ƙirguwa. Fatauci ma ya ɗauki al'adar ya yi nisa da ita. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a Salaga ya ƙare a Kete Krachi cikin Gana ta yau, tun yana saurayi ya tsara littafi a kan yadda ake rubuta wasiƙa, daga baya ya yi waƙa a kan talauci da wadata da kuma zuwan Nasara, ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami. A zangon fataken goro ya yi wannan, nesa da fadar kowane sarki.

Abin da ya raunana al'adar ya zo ta hanyoyi biyu, kuma na biyun ya fi na farkon tasiri. Boko ya shigo da makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kawo gasar rubuta littattafai ta 1933 da ta fitar da su Abubakar Imam, ya kawo jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai rubutun Hausa ya sami sabon gida da sababbin masu karatu. Wannan bai hana malamin zaure kwafinsa ba. Abin da ya hana shi shi ne littafin ɗab'i. Da bugun Masar da na Bairut suka cika kasuwar Kurmi, Risalar da ɗalibi zai yi watanni yana kwafa ta koma abin da zai saya da kuɗi kaɗan ya sa a aljihu. Riba ce babba, ba mai musu, littattafan da da sai gidan waziri ko alƙali yanzu suna hannun kowa. Amma watannin nan da aka huta da su, su ne lokacin da littafin ke ratsa hannu kalma bayan kalma, kuma bugun zamani sau da yawa ba ya barin filin da mai kwafi ke bari a gefe. Inda abin ya ƙi mutuwa shi ne wurin alarammomi. Mutanen da suka tashi da ruwayar Warshu da irin baƙin da suka saba gani a allo ba su sake da bugun gabas ba, saboda haka maɗaba'u suka koma neman gwanayen rubutu a Kano da Maiduguri. Alaramma ya zauna a kan buzunsa ya rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara, baƙi da ja da rawaya, sannan a ɗauki hoton shafukansa a buga dubbai, a kai su kasuwa a jera kusa da na Bairut.